ƘIBA MAI ƁOYE RAMA: ABIN DA SIKELI BA YA FAƊA WA MAI WANKIN ƘODA

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin kula da marasa lafiya ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya a Sabo, Badun.





Kwamitinmu ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan 'yan'uwanmu masu ciwon ƙoda waɗanda ke zuwa wanki a asibiti. Maganar kuɗin wanki mun sha yin ta, kuma kuna ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Yau wata magana ce daban na zo da ita. Mutum zai iya kasancewa yana zuwa wanki a kan kari, jikinsa a cike, fuska ta yi ɓul-ɓul, masu dubiya suna cewa "kai, Alhaji ka murmure", alhali kuwa naman jikinsa zaizayewa yake yi, kitse da ruwa ne suka maye gurbinsa. Ni dai ɗan kasuwa ne. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga bakin likitocin ƙoda da masu jinya da muke hulɗa da su wajen kai marasa lafiyarmu, zan kuma faɗe shi da harshen kasuwa don kowa ya gane.

SIKELI DA AIKINSA

Ƙoda guda biyu ce a jikin ɗan Adam, aikinta tace jini. Tana fitar da datti da gishiri da ruwan da ya yi yawa ta hanyar fitsari. Idan ta gaza gaba ɗaya sai a koma ga inji ya riƙa yin wannan aiki. A ƙasar nan an fara wankin ƙoda da inji a shekarar 1981, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas. Ƙa'idarsa sau uku a mako, kowane zama kamar awa huɗu, ko da yake mun san da yawa daga cikin mutanenmu sau biyu ko sau ɗaya suke iya zuwa saboda halin aljihu.

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya ya ga ana ɗora shi a sikeli kafin a fara, a kuma sake ɗora shi bayan an gama. Dalili shi ne lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. In mutum ya zo da ƙarin kilo uku a kan yadda ya tafi wancan karon, to an san ruwa lita uku ya taru a jikinsa, shi za a cire. Nauyin da ake so a mayar da shi bayan an cire ruwan, likitoci na kiransa busasshen nauyi. Wannan aiki kam sikeli ya iya shi.

To amma jama'a, sikeli jimla yake ba ka, ba ya buɗe buhu. Ku tambayi 'yan'uwanmu na kara da ke zaune a nan. Akwai mai sayen saniya don ya ga cikinta ya yi tulu? Sai ya shafa gadon baya, ya matsa cinya, ya duba ƙirji, don ya san nama ne, ko kitse ne, ko kuwa ruwa aka ɗirka mata da safe kafin a shigo kasuwa. In bai yi haka ba ya yi cinikin biri a sama. Nauyin mutum ma haka yake, akwai ƙashi, akwai tsoka, akwai kitse, akwai ruwa. Ƙashi ba ya saurin canzawa, amma sauran ukun kullum cikin musanya suke. A ce mutum ya zubar da tsoka kilo huɗu a cikin shekara, ya tara kitse kilo huɗu. Sikeli zai ce yana nan yadda yake, shi kuwa ba mutumin bara ba ne.

SUNAN CUTAR

Zaizayewar tsoka tare da raguwar ƙarfi cuta ce mai suna. Wani likitan Amurka, Irwin Rosenberg, shi ya raɗa mata suna sarkofeniya a shekarar 1989, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar ƙarancin nama. Da farko an ɗauke ta abin tsufa ne kawai, daga baya aka gane cututtuka masu daɗewa, irin su ciwon ƙoda, suna kawo ta tun mutum bai tsufa ba. Idan ta haɗu da yawan kitse a jiki guda, shi ne abin da na kira ƙiba mai ɓoye rama. A shekarar 2022 wasu manyan ƙungiyoyin likitoci biyu na Turai, ɗaya ta masana abincin marasa lafiya, ɗaya ta masu nazarin ƙiba, suka haɗu suka fitar da matsaya guda kan yadda za a gane ta. A taƙaice sun ce a fara gwada ƙarfin tsoka, in an same shi da rauni sai a auna jiki a ga nawa ne kitse, nawa ne tsoka.

ME YA SA MAI WANKI KE RASA TSOKA?

Dalilan suna da yawa, zan kawo guda shida.

Na ɗaya, injin ba ya tantance datti kaɗai. A kowane zama yana tafiya da wani ɓangare na sinadaran gina jiki da ke cikin jini, kimanin giram 6 zuwa 12. Ku lissafa wannan sau uku a mako, shekara guda.

Na biyu, idan ƙoda ta gaza jini yakan yi tsami, wato asid ya taru a ciki, shi kuma yana sa jiki ya riƙa narkar da tsokarsa.

Na uku, akwai wani kumburi na ɓoye da ke zama a jinin masu wannan ciwo, musamman mai tiyo a wuya wanda ƙwayoyin cuta ke yawan shiga. Shi ma cin tsoka yake yi.

Na huɗu, rashin cin abinci. Baki ba daɗi, ga tashin zuciya. Bugu da ƙari, tun kafin a fara wanki likita yakan ce wa mai ciwon ƙoda ya rage nama da kifi don a sassauta wa ƙodar. Wannan daidai ne a lokacin. Amma da zarar an fara wanki hukuncin ya juya, ana so ya ƙara ne. Da yawa ba su san an juya ba, sai uwargida ta ci gaba da hana maigida nama shekara da shekaru, tana ganin taimakonsa take yi.

Na biyar, zama wuri ɗaya. Awa goma sha biyu a mako yana kwance a gefen inji, ya dawo gida a gajiye ya sake kwanciya. Mutumin da ya saba zirga-zirga tsakanin Sabo da Bodija da Shasha, yanzu an ce ya huta, yara sun karɓi shago. Tsoka kuwa in ba a mora ta ba tafiya take yi.

Na shida, aljihu. Kuɗi sun tafi wanki da mota da allurar ƙarin jini, abin da ya rage na garin kwaki ne da burodi da farar shinkafa. Waɗannan suna cika ciki, suna zama kitse, amma ba sa gina tsoka. Ga shi kuma da yawa daga masu wanki ciwon sukari ne ya kai su, shi ma yana taimaka wa wannan ɓarna.

INA HATSARIN YAKE?

Tsoka ita ce jarin jiki. Ita ke ɗaga mutum daga tabarma, ita ke riƙe shi kada ya faɗi, da ita yake numfashi da tari, kuma daga gare ta jiki ke ɗiba idan zazzaɓi ko tiyata suka zo. Mai ciwon ƙoda ƙashinsa dama ba shi da ƙwari, in ya faɗi a banɗaki karayar ƙugu ba wuya. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna masu wanki da ƙarfin tsokarsu ya ragu sun fi yawan kwanciya a asibiti, sun kuma fi saurin rasuwa. Kitsen tumbi kuma yana ƙara wa zuciya nauyi, yana dagula sukari. Wato kaya sun ƙaru, jakin da zai ɗauka ya rame.

Akwai wata magana da wasunku suka ji a asibiti, cewa a cikin masu wanki, masu jiki sun fi sirara daɗewa. Maganar tana da tushe. Wani likita a Amurka mai suna Kalantar-Zadeh da abokan aikinsa sun yi rubutu a kanta a shekarar 2003. Sai dai da aka bi diddigi aka raba masu nauyin gida biyu, an ga wanda nauyinsa ya haɗa da tsoka shi ya fi cin wannan riba. Mai nauyin kitse da ƙarancin tsoka bai samu irin wannan kariya ba. Saboda haka kada wani ya fake da wannan magana.

Har ila yau akwai sinadarin kiriyatinin da kowane mai ciwon ƙoda ya haddace lambarsa. Ku sani daga tsoka yake fitowa. Mutumin da ya daɗe yana wanki, ba ya fitsarin kirki, in ya ga lambar tana sauka wata bayan wata, kada ya yi saurin murna cewa ƙoda ta farfaɗo. Mai yiwuwa tsokar da ke samar da shi ce ke ƙarewa. A tambayi likita.

YADDA AKE BUƊE BUHUN

Awon da aka saba yi shi ne wanda ake kira BMI. Ana raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa. Mai kilo 80 da tsawon mita 1.7 zai samu kusan 28. Daga 25 an ce nauyi ya yi yawa, daga 30 an ce ƙiba ce. Amma ɗan dako mai kilo 80 da dattijon da ba ya iya ɗaukar buta mai kilo 80, in tsawonsu ɗaya lamba ɗaya za su samu. Kun ga bai raba gardama ba. Kuma mutum zai iya samun lamba mai kyau, 23 ko 24, alhali kitse ya rinjayi tsoka a jikinsa.

Awo na farko da ke raba gardama shi ne na lantarki. Mutum zai kwanta, a manna masa 'yan wayoyi a hannu da ƙafa, a tura wuta 'yar kaɗan wadda ko jin ta ba zai yi ba. Wuta tana gudu cikin sauƙi a ruwa da tsoka, domin tsoka yawancinta ruwa ne, amma kitse yana tare ta. Daga yadda ta sha wuya kafin ta wuce na'urar ke lissafa komai, cikin minti biyu ko uku an gama. Irin wadda ta dace da masu wanki ita ce mai aika wutar a matakai da yawa, don ta bambance ruwan da ke cikin tsoka da ruwan kumburi. Kamfanin Fresenius na Jamus yana da irinta, ana ce mata BCM, tana nuna ruwan da ya yi yawa daban, tsoka daban, kitse daban. Ƙananan sikelin gida da ake sayarwa a kasuwa masu cewa suna auna kitse, su ruwan kumburi yana ruɗa su, sai su lissafa shi a matsayin tsoka.

Ƙa'idojin abincin masu ciwon ƙoda da aka sabunta a Amurka a shekarar 2020 sun ce a yi wannan awo bayan an gama wanki da aƙalla minti 30, lokacin da ruwan jiki ya daidaita. Ana yin sa a gefen da ba a haɗa jijiyar wanki ba. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, da mace mai juna biyu, su faɗa wa likita tun kafin a fara.

Awo na biyu shi ne hoton DEXA, wanda aka fi sani da awon ƙarfin ƙashi. Yana raba jiki uku, ƙashi da kitse da nama, har ya nuna na hannu da na ƙafa daban. Shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi, sai dai yana da tsada, sai a manyan asibitoci, kuma shi ma gara a yi shi bayan an cire ruwa.

Awo na uku, wanda ya fi kusa da talaka, shi ne matsa hannu. Wata 'yar na'ura ce da ba ta fi girman dutsen guga ba, mutum zai damƙe ta iya ƙarfinsa ta nuna kilo nawa ya matsa. A matsayar da masanan Turai suka fitar a shekarar 2019, namijin da ya kasa kai kilo 27 da macen da ta kasa kai kilo 16, ƙarfinsu ya yi rauni. Mai wanki ya matsa da hannun da ba na wanki ba.

Sauran ukun a gida ma ana iya yi. Na ɗaya, kujera: mutum ya harɗe hannuwansa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar. In ya wuce daƙiƙa 15, ko ya kasa sai da dafawa, alama ce. A tsaya kusa da shi don kada ya faɗi. Na biyu, tafiya: a auna mita 4 a tsakar gida, ya yi tafiyarsa ta kullum. In ta ɗauke shi daƙiƙa 5 ko fiye, tafiyar ta yi sanyi. Na uku, tef ɗin tela: a auna ƙugu ta wajen cibiya, a auna damtse, a auna sha-raɓa. Ƙugun da ya wuce santimita 102 ga namiji ko 88 ga mace yana nuna kitsen tumbi ya yi yawa. Sha-raɓar da ta gaza santimita 31 tana nuna tsoka ta yi ƙasa. A yi awon bayan wanki, lokacin da kumburin ƙafa ya saɓe. Tumbi yana gaba, damtse da sha-raɓa suna baya, wannan ita ce siffar da muke tsoro.

Yawancin lambobin nan daga awon Turawa aka samo su. Don haka abin da ya fi amfani shi ne a gwada mutum da kansa: na watan jiya nawa ne, na wannan watan nawa ne? Ɗan kasuwa bai san riba ko faɗuwa ba sai da littafi.

IN AN GANE, SAI ME?

Abin farin ciki shi ne tsoka tana dawowa in an tashi da wuri. Magani biyu ne, abinci da motsi, kuma ɗaya ba ya yi sai da ɗaya.

Ƙa'idojin 2020 ɗin nan sun ce mai wanki yana buƙatar furotin giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Mai kilo 60 ke nan yana neman giram 60 zuwa 72. Ƙwai guda yana da kamar giram 6, dafaffen nama ko kifi mai girman tafin hannu yana da 20 da wani abu. Farin ƙwai ya fi dacewa da su domin ba shi da yawan sinadarin fosfaras mai lalata musu ƙashi. Amma kowa da jininsa, saboda haka mai ba da shawara kan abinci a asibiti shi zai tsara wa kowa nasa, musamman game da wake da gyaɗa da nono, da kuma ayaba da dabino da dankali masu yawan fotashiyam. Kilishi da tsire nama ne, amma gishiri da dunƙulen da ke cikin yajinsu suna sa ƙishirwa, ƙishirwa ta sa shan ruwa, ruwa ya taru. Kanwa ma a yi nesa da ita.

Wajen motsi, ba cewa aka yi dattijo ya shiga filin ƙwallo ba. Tafiya ce ta minti goma ko ashirin a ranar da ba wanki, tashi da zama a kujera, ɗaga gorar ruwa da hannun da ba na wanki ba, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. A wasu asibitocin duniya har keke ake sa wa mara lafiya a gindin gado yana tuƙawa ana wanki. A nemi izinin likita tukuna, musamman mai ciwon zuciya.

Gargaɗi ɗaya, kuma ina roƙon iyayenmu mata su riƙe shi. Kada wanda ya ji wannan jawabi ya koma gida ya ce zai rage ƙiba da yunwa. Mai wanki in ya ƙuntata wa kansa abinci, tsokar da ta rage ita za ta tafi tare da kitsen. Shayin rage tumbi da jiƙe-jiƙe, namu na gida da agbo na maƙwabtanmu, duk a ajiye su, domin ƙodar da za ta fitar da abin da ke cikinsu ba ta aiki.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

Ina gabatar da shawarwari huɗu a madadin kwamiti.

Na farko, ƙungiya ta sayi na'urar matsa hannu guda ɗaya da tef da littafi. Kowane wata a auna duk ɗan'uwan da ke wanki in ya yarda, mata su auna mata, a rubuta, ya tafi wa likitansa da shi. Sirrin kowa kuma a rufe.

Na biyu, duk mai raka mara lafiya ya yi wa likita tambaya uku: busasshen nauyinsa nawa ne yanzu? An auna tsokarsa da ƙarfin hannunsa? Yaushe zai ga mai ba da shawara kan abinci? In akwai na'urar lantarkin nan a asibitin, a roƙa a yi masa ko da sau biyu ne a shekara. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, asusun taimako ya ware wani abu don abinci. Ba amfani mu biya kuɗin inji mu bar mutum ya koma gida ya kwana da garin kwaki. Mai zuwa dubiya kuma, maimakon katan ɗin lemon kwalba da burodi, ya riƙo kiret ɗin ƙwai ko ɗanyen kifi.

Na huɗu, samarinmu su raba kansu, kowane dattijo mai wanki a samu yaron da zai riƙa taka masa da yamma, ko da daga ƙofar gida ne zuwa bakin titi. Kada kuma a raba shi da kasuwa gaba ɗaya, in yana iyawa ya riƙa leƙawa.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, mu gyara irin gaisuwar da muke yi wa waɗannan bayin Allah. Mun saba in mun ga mutum ya cika mu ce ya samu lafiya. Ga mai wankin ƙoda, tambayar da ta fi ita ce: yaya ƙarfin jiki? Kana tashi daga tabarma ba dafa bango? Kana iya ɗaga bokitin da kake ɗagawa bara? Matarsa da 'ya'yansa su suka fi kowa sanin amsar, su ne kuma za su fara gani tun kafin na'ura ta gani. In sun gani kada su yi shiru, su faɗa wa likita, su faɗa wa kwamiti.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.